Malam Aliyu Mai-Bornu: Mutumin da ke kan Naira dubu, wanda bai taɓa riƙe Naira ba

A watan Oktoban 2005, lokacin da aka fito da takardar Naira dubu, ina manajan wani reshen banki a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. Ranar da ƙunshin farko ya iso mana, sai na tara ma'aikatan da ke kan kanta domin mu nazarci alamomin takardar, gudun kada a shigo mana da jabu. Muna cikin dubawa sai na aza yatsa a kan fuskar mutumin nan mai hula, na tambaye su ko wane ne. Dukkansu suka karanto mini sunan da ke rubuce a ƙarƙashin hoton, amma aka rasa wanda zai ƙara ko da kalma ɗaya a kan haka, alhali a cikinsu har da masu digiri a fannin tattalin arziki. Na so in yi masu faɗa, sai na tuna laifi tudu ne, domin ni kaina da na shafe fiye da shekara ashirin ina ƙirga kuɗin mutane, iyakar sanina shi ne ya taɓa riƙe Babban Bankin Nijeriya. Kunyar wannan rana ce ta sa na shiga bin diddigin rayuwar marigayi Malam Aliyu Mai-Bornu, kuma abin da na tsinta shi nake son mu tattauna da mai karatu a yau, musamman 'yan uwana ma'aikatan banki na Arewa.

An haifi Malam Aliyu a Yola a shekarar 1919. Iyayensa Barebari ne, kamar yadda laƙabinsa ya nuna, kuma mahaifinsa na cikin 'yan majalisar En'e ta Lamiɗon Adamawa. Kamar akasarin iyayen wancan zamani, dattijon bai aminta da makarantar boko ba, sai da Lamiɗo da kansa ya sa baki kafin ya saki yaron. Ya kamata mu ɗan tsaya a nan. Da Lamiɗo ya kame bakinsa, da wata fuskar ce daban a aljihunanmu a yau. Allah kaɗai Ya san yawan irin su Aliyu da ke gararamba a titunan Makera da Nasarawa a halin yanzu, waɗanda ba su samu babban da zai yi masu magana ɗaya ba.

Bayan elementare da midil a Yola, ya samu shiga Kwalejin Kaduna a 1938, wato shekarar da aka ɗauko makarantar daga Katsina. Ita ce aka sake mayarwa Zariya a 1949, wadda muka sani a yau da sunan Barewa. Ya fita a 1942 da shaidar malamin Turanci, ya koma midil ɗin Yola ya koyar har 1946, daga nan aka dawo da shi kwalejin da ta yaye shi, inda ya koyar har 1952. A cikin waɗannan shekaru ya shiga Ƙungiyar Malaman Arewa, wadda Malam Aminu Kano na cikin waɗanda suka assasa ta a 1948. Daga baya ya sake komawa Yola a matsayin mataimakin hedimasta, sannan ya yi 'yan watanni a makarantar koyon aikin dabbobi da ke Vom. A taƙaice, fiye da shekara goma ya yi da alli a hannu.

Malanta a wancan lokaci ita ce matattarar haziƙan Arewa. Sardauna Ahmadu Bello malami ne, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Shehu Shagari. Da guguwar neman mulkin kai ta taso, kusan duk wanda ya ajiye alli siyasa ya nufa, kuma da Malam Aliyu ya so, ba abin da zai hana shi bin sahu. Shi kuwa sai ya ɗauki hanyar da ba mai yi mata kiɗa. Yana da shekara talatin da 'yan kai, shekarun da tsararrakinsa ke zama ministoci ana buɗe masu ƙofar mota, ya karɓi tallafin karatu na gwamnati ya tafi Jami'ar Bristol a Ingila, ya zauna aji ɗaya da yaran da ba su wuce sa'annin ɗalibansa ba. Ya kammala digirinsa na tattalin arziki a 1957, yana da shekara 38. Lallai gemu ba ya hana ilimi.

Domin mu fahimci nauyin wannan zaɓi, sai mun dubi yadda harkar kuɗi take a ƙasar nan a lokacin. Tun daga 1912, wata hukuma ce mai mazauni a Landan ke fitar da kuɗin da ake kashewa a Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Aikinta bai wuce canji ba: ka ba ta fam ɗin Ingila, ta ba ka na Afirka ta Yamma, abin da ta tara kuma ta juya shi a can. Manyan bankunan kasuwanci na Turawa ne, kuma kamfanonin Turawa suke yi wa hidima. Ɗan ƙasa dai ana maraba da ajiyarsa. Kowa ya san labarin Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin banki a Kano a 1929. Amma in ana batun rance, sai a ce ɗan ƙasa ba shi da jingina. Wannan ya sa 'yan kasuwar Kudu suka yi ta buɗe nasu bankunan a ƙarshen shekarun 1940 da farkon 1950, ba isasshen jari, ba ƙwararru, ba mai sa ido, kuma akasarinsu suka ruguje da kuɗin talakawa. Sai a 1952 aka yi dokar banki ta farko. Da 'yan majalisa suka nemi a kafa babban banki, jami'in da aka turo daga Bankin Ingila, J. L. Fisher, ya ba da rahoto a 1953 cewa lokaci bai yi ba. Sai da wani jami'in, J. B. Loynes, ya sake nazari a 1957 kafin aka amince. Aka yi doka a 1958, bankin ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959 a ƙarƙashin wani Bature, Roy Fenton.

Da Malam Aliyu ya dawo gida, gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauke shi jami'in mulki, ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata da kuma ɓangaren kuɗi da ciniki. Lokacin ne Sardauna ya duƙufa wajen cike guraben aikin gwamnati da 'yan Arewa, ana neman mai digiri kamar ruwa a jallo. Duk da haka, a 1959 aka ba da aronsa ga sabon Babban Banki a Legas, a matsayin mataimakin sakatare. Daga nan ya zama sakatare, a 1962 ya zama mataimakin gwamna, sannan ranar 25 ga Yulin 1963 ya gaji Fenton, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera. Shekara huɗu kacal tsakanin shigarsa da hawansa ƙololuwa, shekara shida tsakanin digirinsa da gwamna.

Na san wani zai ce ai siyasa ce ta ɗaga shi, tunda jam'iyyar NPC ce ke jan ragamar gwamnatin tarayya. Ba zan yi musun cewa zamani ya taimaka ba, domin babu muƙami irin wannan da ake bayarwa ba tare da an dubi siyasa ba, a nan ko a ko'ina. Amma ƙofa in ta buɗe, wanda ya shirya ne ke shiga. Da a 1963 an waiwaya ba a ga ɗan Arewa mai ilimin aikin ba, da ƙarfin NPC bai haifar da shi a dare ɗaya ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuma shi ne yadda ya riƙe kujerar bayan waɗanda ake cewa sun ɗora shi sun kau.

Aikin da ya tarar na gini ne daga tushe. Sai a 1960 aka fara sayar da takardun lamuni na baitulmali, kasuwar hannun jari ta Legas ta fara ciniki a 1961, kuma sai a watan Yulin 1962 tsohon kuɗin Afirka ta Yamma ya daina karɓuwa. A zamaninsa aka kafa Bankin Raya Masana'antu na Nijeriya a 1964, kuma a 1965 aka sake fasalin takardun kuɗi domin su nuna ƙasar ta zama jamhuriya. Amma abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na wanda ya yi aiki a tsakiyar masaƙu, shi ne yadda ake samar da kuɗin sayen amfanin gona.

Duk kaka, Hukumar Cinikin Amfanin Gona ta Arewa na buƙatar maƙudan kuɗi a lokaci guda domin wakilanta su biya manoman gyaɗa da auduga, alhali kuɗin kayan ba za su dawo ba sai an kai su gaɓar teku an sayar a ƙetare. Daga 1962 aka shigo da wani tsari: hukumar ta rubuta takardar alkawarin biya ta kwana casa'in, rukunin bankunan kasuwanci su saye ta su ba da tsabar kuɗi, in kuma su ma kuɗi ya yanke masu, su kai takardar Babban Banki ya fanshe ta. Ta haka fam da sule ke barin Legas su isa hannun manomi a Funtuwa da Gusau da Malumfashi, dalar gyaɗa ta tashi a Kano, auduga ta bi jirgin ƙasa. Wannan tsari ya yi aiki tsawon shekarun gwamnancinsa, sai a 1968, cikin yaƙi, Babban Banki ya koma bai wa hukumomin rance kai tsaye. A daidai waɗannan shekaru Kakuri ke cika: masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1960. Tun daga gonar auduga har zuwa ɗan ƙwadagon da ke karɓar albashi a ƙarshen wata, sarƙa ɗaya ce, kuma banki ne ke riƙe da tsakiyarta.

Sai ga 15 ga Janairun 1966. A juyin mulkin wannan rana aka kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Ministan Kuɗi, Cif Festus Okotie-Eboh, wato mutumin da gwamnan Babban Banki ke hulɗa da shi yau da gobe. Mai karatu ya ƙiyasta halin da ɗan Arewa mai babban muƙami ya tsinci kansa a Legas a wannan safiya. Malam Aliyu bai tattara ya dawo gida ba. Ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin Janar Ironsi, aka sake juyin mulki a watan Yuli, ya ci gaba a ƙarƙashin Yakubu Gowon. Aka yi kashe-kashen 1966, jama'a suka yi ta ƙaura zuwa yankunansu, ma'aikatu suka dare gida-gida. Gwamnati uku ya yi wa aiki cikin shekara huɗu, amma ranar da ya hau, fam ɗin Nijeriya daidai yake da fam ɗin Ingila, wato Dalar Amurka biyu da santi tamanin, kuma ranar da ya sauka, 22 ga Yunin 1967, haka ya bar shi. Makonni uku ke nan bayan Ojukwu ya yi shelar Biyafara, mako biyu kafin a fara harbi. Dokta Clement Isong ya gaje shi a watan Agusta, kuma shi ya ɗauki nauyin canjin kuɗi na Janairun 1968.

Yabon gwani ya zama dole, amma gaskiya ma dole ce. Tsayuwar fam ba aikin mutum ɗaya ba ne. Duniya a lokacin tana kan tsarin tsayayyen farashin canji, kuma ajiyar ƙasar nan ta ƙetare ta yi ta raguwa a farkon shekarun 1960 saboda ayyukan raya ƙasa da yawan shigo da kaya. Haka nan har ya sauka bankunan Turawa uku, Barclays da Bankin Afirka ta Yamma da UBA, su ke riƙe da mafi yawan ajiyar jama'a, kuma manomin da ake sayen gyaɗarsa bai san hanyar banki ba, balle ya samu rance. Bayan saukarsa kuma, Kamfanin Taba na Nijeriya ya koma, inda ya zama darakta kuma babban manaja har 1969, aikin da mutumin yau, da ya san illar taba, ba zai sa shi cikin abin tinƙaho ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 23 ga Fabrairun 1970, 'yan makonni bayan ƙarshen yaƙin basasa, bai wuce shekara 51 ba. Naira kuwa sai ranar 1 ga Janairun 1973 ta fito. Wato mutumin da ke kan takardar Naira mafi girma bai taɓa riƙe Naira a hannunsa ba.

To, mu da muka biyo baya fa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Arewa ba ta rasa manya a wannan fage ba. Malam Adamu Ciroma ya riƙe Babban Banki daga 1975 zuwa 1977, Alhaji Abdulƙadir Ahmed daga 1982 zuwa 1993, Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi daga 2009 zuwa 2014. Mun samu manyan daraktoci da shugabannin shiyya da manajoji ba adadi. An fito da shirin kai bankuna karkara a 1977, aka kafa Bankin Al'umma a 1989, aka zo da bankunan unguwa a 1990. Amma duk binciken da ake yi kan masu hulɗa da banki, Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne ke zuwa a baya. Bankin Arewa, wanda aka kafa a zamanin Sardauna, ya narke cikin Unity Bank a 2006, bayan da aka wajabta wa kowane banki jarin Naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25.

Ni shaida ne a kan yadda muka yi aikin. Lokacin da na fara akawu, ƙarshen wata a Kakuri tamkar ranar salla yake. Layin ma'aikatan masaƙa kan fita har bakin titi, masu kekuna da masu sayar da abinci da teloli duk suna jiran wannan albashi. Da na zama manaja, abin da hedikwata ke auna ni da shi guda ɗaya ne: nawa na tara na ajiya. Ba a taɓa tambayata mutum nawa na ɗaga ba. Kuɗin da muka tsinta daga 'yan kasuwar Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, a Legas ake yanke shawarar wanda za a ranta wa. Na tuna wata dattijuwa mai sayar da hatsi, wadda ta yi shekaru tana kawo mana cinikinta duk mako ba fashi. Ranar da ta nemi ɗan rancen da za ta sayi masara da kaka, na mayar da ita saboda ba ta da takardar mallakar fili. A makon nan kuma na sa hannu a takardun wani mai babbar riga, wanda har na bar aiki bai biya ko kwabo ba. Na bi ƙa'ida sau da ƙafa, amma har yau in na tuna fuskarta sai in ji na ci amana. Abin da Turawa suka yi wa kakanninmu, shi muka yi wa iyayenmu, da harshenmu.

Da KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, mun zauna muna kallon asusun albashi suna bushewa. Ba banki ne ya kashe masaƙa ba. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfa sun isa. Amma sarƙar nan da ta haɗa manomi da masaƙa da banki a zamanin su Malam Aliyu, a gabanmu ta tsinke, kuma ban ji muryarmu ba.

Ita kanta takardar da ke ɗauke da hotonsa ta ba mu labari. Ranar da na fara riƙe ta a 2005, ta haura Dala bakwai. A 2024 ba ta kai Dala ɗaya ba. A farkon 2023 kuma, bayan sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, jama'a suka kwana a bakin na'urorin cirar kuɗi, aka koma sayen Naira da Naira a wurin masu POS, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Mutumin karkara da aka yi shekara da shekaru ana lallashinsa ya kawo kuɗinsa banki, ya kawo, sannan ya nema ya rasa. Duk ma'aikacin banki ya san abin da ake sayarwa a kan kanta amana ce, kuɗi shaida ce kawai. Takarda ba ta da wata daraja sai yardar da mai karɓa ya yi cewa gobe wani zai karɓa daga gare shi. Ana shekaru ana gina wannan yarda, a rushe ta a mako guda.

Wannan ne ya sa nake ganin rayuwar Malam Aliyu ta fi ƙarfin a bar ta a hoto. Ya hango abin da al'ummarsa ta rasa, ya koma aji da girmansa ya nemo shi. Ya karɓi hukuma tana jaririya, ya riƙe ta a shekarun da komai ke wargajewa, ya miƙa ta tana tsaye. Aikin da bai kai gare shi ba, wato shigo da talaka cikin banki a matsayin wanda ake ranta wa, shi ne rabonmu, kuma har yau yana nan yana jira. Fara aikin Jaiz Bank a 2012, da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda muke cewa ba su waye ba, kuɗin ruwa suke gudu, kuma da an zo masu da abin da ya dace da su sai suka fito. Saura mu yarda cewa shekara goma ta ciniki ba fashi ita ma jingina ce.

Shawarata ga matasan da ke kan kanta a yau, waɗanda gobe za su zama manyan daraktoci, ita ce su riƙa tambayar kansu nawa ne daga ajiyar unguwa ya koma unguwar a matsayin rance. Jami'o'inmu kuma, musamman na Zariya da Yola da Kaduna, ya kamata su sa ɗalibai su rubuta cikakken tarihin wannan bawan Allah, da Turanci da Hausa, tun takardun ba su lalace ba.

A ƙarshe, duk wanda ya zauna a Kaduna ya san yadda rikice-rikicen 2000 da 2002 suka mayar da kogin nan iyaka tsakanin maƙwabta. Amma kullum takardar Naira dubu na ƙetare gada safe da yamma ba mai tambayarta addini, ɗauke da Aliyu na Yola da Clement na Eket kafaɗa da kafaɗa. In ta sake shigowa hannunka, mai karatu, ka ɗan dube ta kafin ka miƙa. Allah Ya jiƙan Malam Aliyu Mai-Bornu, Ya yafe masa kurakuransa, mu kuma Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.